Lambar Sirrin Malam Inuwa

Akwai wani matashi mai suna Ɗahiru da ya samu aiki a wani kamfanin jimar fata da ke unguwar masana'antu ta Challawa, a shekarar 2006. Ya yi karatun kwamfuta, kuma maganar gaskiya ya iya aikinsa. Matsalarsa guda ce: duk wanda bai iya taɓa kwamfuta ba, a wurin Ɗahiru bai san komai ba.

Kamfanin yana da ƙaton sito inda ake jibge fatun awaki da na tumaki bayan an jeme su, a ɗaure dila-dila, kafin manyan motoci su kwashe su zuwa Legas. Shekara biyu a jere kaya suna ɓacewa a siton nan. Alhajin da yake da kamfanin ya sauya makullai, ya kori masu gadi har sau biyu, amma duk a banza. Da abin ya ishe shi, sai aka kawo masa Ɗahiru.

Cikin wata ɗaya Ɗahiru ya juya siton gaba ɗaya. Kowace dila ya sa an manna mata takarda mai lamba. Idan za a shigar da ita, sai wata 'yar na'ura ta hannu ta karanta lambar, kwamfuta ta ajiye. Idan kuma za a fitar, dole sai an shigar da lambar sirri, kwamfutar ta buga takardar izini ɗauke da sunan wanda ya ba da umarni. Mutum biyu kaɗai ke da irin wannan lamba, kowa da tasa: shi Ɗahiru da shugaban sito. Kyamarori ma an yi odarsu, ana jiran isowarsu.

Shugaban siton wani dattijo ne ɗan Panshekara, Malam Inuwa. Shekararsa ashirin da biyu a kamfanin. Da hannu kawai zai shafa fata ya faɗa maka ta akuyar wane yanki ce. Amma idonsa ya fara rauni, ƙananan rubutun kwamfuta ba ya ganinsu sosai.

Ranar da aka ba shi lambar sirri, sai ya ce wa Ɗahiru, "Ɗana, ka ɗan zauna da ni kwana biyu ka koya min a hankali. Abin ne bai shiga kaina ba tukuna."

Ɗahiru bai ko ɗago daga kan allon ba. Ya ce, "Baba, ni ba malamin yaƙi da jahilci ba ne. Na nuna sau ɗaya. Wanda ba zai iya ba, ai akwai masu neman aiki a bakin get."

Dattijon ya naɗe takardar lambar ya sa a aljihu, ya fita.

A kamfanin akwai wani Auwalu, mai kula da lodin motoci. Tare suka yi sakandare da Ɗahiru. Mutum ne mai zaƙin baki, kullum da fara'a. Shi ke sayo wa Ɗahiru gurasa da tsire da rana, shi ke kiransa Injiniya a gaban jama'a. Da Auwalu ya lura Malam Inuwa yana fama da kwamfutar, sai ya same shi ya ce, "Baba, kada ku wahalar da idonku. Ku ba ni lambar, duk abin da za a fitar ku faɗa, ni na danna muku."

Malam Inuwa ya yi masa godiya, har da sa masa albarka. Ɗahiru bai san an yi wannan ba, don bai taɓa tsayawa ya ga yadda dattijon ke gudanar da aikin ba.

Bayan wata uku aka ƙidaya kayan sito, aka gwada da takardun masu saye. Dila goma sha bakwai sun fita ba tare da an san inda suka nufa ba. Ɗahiru ya buɗe kwamfuta, sai ga su nan jere, kowace ɗaya da sunan Malam Inuwa a gefenta. Murna ta kama shi. Na'urarsa ta yi abin da masu gadi suka kasa yi shekara biyu. Ya buga takardun ya nufi ofishin Alhaji.

A hanya wani ma'aikaci ya tare shi. Sunansa Filibus, mutumin Filato ne, shi ke tuƙa motar ɗaga kaya a cikin sito. Ya cire hularsa ya ce, "Oga, don Allah minti ɗaya. Maganar kayan nan ce. Ka duba ranakun da suka fita, da lokacin. Akwai abin da ban gane ba."

Ɗahiru ya kalle shi sama da ƙasa. Ya ce, "Kai ne za ka koya min karanta kwamfuta? Kai ma fa kana cikin masu taɓa kayan nan. Idan kana son aikinka, ka kama bakinka ka koma kan motarka."

Filibus ya mayar da hularsa ya juya. Matarsa Hannatu tana da tsohon ciki a lokacin, kuma shi da kansa ya san da motarsa aka ɗaga dilolin nan. Tsoro ya rufe masa baki.

Alhaji ya so a kira dattijon ofis a yi magana a sirrance. Ɗahiru ne ya ce a'a. Ya ce idan ba a yi a gaban kowa ba, sauran ba za su ji tsoro ba. Alhaji ya ce masa ya yi yadda ya ga ya dace.

Washegari da safe, lokacin da masu tashi da masu kama aiki suke haɗuwa, aka tara ma'aikata a gaban sito. Sun kusa ɗari biyu. Ɗahiru ya hau kan wani benci da takardu a hannu, ya karanta lambobin dilolin ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ya karanta sai ya ɗaga murya ya ce, "Wanda ya fitar: Inuwa." Ko Malam ɗin bai saka ba.

Dattijon ya fito tsakiya. Ya ce, "Wallahi tallahi ban taɓa ɗaukar ko ƙyallen fata a gidan nan ba. Ni ban ma iya danna abin ba. Auwalu ne yake danna min, ga shi nan a tambaye shi."

Duk idanu suka koma kan Auwalu. Sai ya dafe ƙirji ya ce, "Innalillahi! Baba, ni? Ku ji tsoron Allah. Ni ina na san lambarku?"

Ɗahiru ya yi dariya. Ya ce, "Ka ji ko? Da furfurarka da komai, an kama ka kana neman wanda za ka shafa wa. Kwamfuta ba ta san tsoho ba, ba ta san rantsuwa ba. Sunanka ta nuna."

Malam Inuwa ya tako gaba. Ya zaro makullan sito daga aljihu, ya sunkuya ya ajiye su a ƙasa a gaban bencin. A gaban mutanen da da yawansu shi ya yi musu hanya suka samu aikin, aka sa shi a mota aka kai shi ofishin 'yan sanda.

Kwana biyu ya yi a can kafin mutanen unguwa su yi belinsa. An bincike gidansa ba a samu komai ba. Alhaji ya ce ba zai kai shi kotu ba saboda daɗewarsa, amma an kore shi, ba kuɗin sallama ba komai.

Labari ya riga shi isa Panshekara. Shi ne yake jan sallah a masallacin layinsu idan liman ba ya nan, sai aka daina gabatar da shi. Masu zuwa neman shawara suka ɗauke ƙafa. Wanda ya kawo kuɗin gaisuwar 'yarsa Bilkisu ya aiko a ce a dakata tukuna. Malam Inuwa ya daina zama a dakalin ƙofar gida. Wata biyu bayan korarsa, yana alwalar la'asar ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace.

Da labarin ya iso kamfani, wasu ma'aikata suka haɗa ɗan abin da ya samu suka je dubiya. Ɗahiru cewa ya yi, "Allah Ya ba shi lafiya," ya ci gaba da abin da yake yi.

A lokacin tauraronsa ne ke haskawa. An ƙara masa albashi, an haɗa masa da shugabancin sito. Ya sayi sabon babur, ya fara gini a Zawaciki. Kyamarori huɗu suka iso. Uku aka kafa a cikin sito, ana kallonsu daga ofishin Ɗahiru. Ta huɗu masu haɗawar suka ɗora a saman tankin ruwa tana kallon ƙofar baya, suka ja wayarta zuwa ofishin Alhaji. Ba wanda ya damu da ita, don kowa ya ɗauka an riga an kama ɓarawo.

Aiki ya yi wa Ɗahiru yawa. Ranar Juma'a kuma yana son ya shiga gari ya yi sallah, ya tsaya cin abinci da abokai. Wata rana Auwalu ya ce, "Injiniya, motoci na jira kai kana gari. Ka bar min lambar mana, ai ni da kai ɗaya ne." Ɗahiru ya rubuta masa a bayan wani katin waya. Har ya nuna masa yadda ake kashe kyamarorin sito a kunna, wai ko za su sami matsala ba ya nan.

Wata biyar aka yi lafiya. Sai masu binciken kaya da Alhaji ya ɗauko daga waje suka zo ƙidayar ƙarshen shekara. Dila ashirin da shida babu su.

Aka kira Ɗahiru ofishin Alhaji. Ya shiga da ƙarfin gwiwa, ya ce a ba shi minti biyar zai fito da ɓarawon. Ya zauna gaban kwamfuta ya danna. Sunan da ya fito a gefen kowace dila nasa ne.

Ya juyo ga Alhaji. Ya ce, "Alhaji, wallahi ba ni ba ne. Na ba Auwalu lambata. Shi ne..."

Aka kira Auwalu. Ya shigo yana salati, ya ce shi bai taɓa sanin lambar kowa ba, kuma ya yi mamakin yadda amininsa zai yi masa irin wannan ƙazafi.

Alhaji ya dubi Ɗahiru. Ya ce, "Kai ka kawo min na'urar nan. Kai ka ce min abin da ta nuna shi ke nan. To me kake so na yi yanzu?"

Da azahar ɗin ranar aka fita da Ɗahiru ta gaban sito zuwa ofishin 'yan sanda, ma'aikata suna kallo. Ba wanda ya yi masa ihu, ba kuma wanda ya ce masa sannu.

A bayan kanta ne, yana zaune a kan siminti, ya fara tuna abubuwa. Ya tuna rantsuwar da dattijon ya yi. Ya tuna hannun da ya ajiye makullai a ƙasa. Ya rantse wa mai bincike sau ba adadi, mai binciken ya ce masa kowa ma haka yake rantsuwa. Mahaifiyarsa ta zo daga Sharada da kwanon abinci, tana kuka tana tambayarsa, "Ɗahiru, ka faɗa min gaskiya, ka ɗauka?" Wannan tambayar ta fi zaman wurin yi masa ciwo.

Shi kuwa Filibus, tun faɗuwar Malam Inuwa ba shi da sukuni. Ya koma gida ranar da aka kama Ɗahiru ya kasa cin abinci. Hannatu ta matsa masa, sai ya faɗa mata komai. Ta ce, "Baban Albarka, ka yi shiru sau ɗaya, ga bawan Allah can a kwance. Idan ka sake yin shiru, da wane baki za ka yi addu'a ranar Lahadi? In korarka za su yi, su kore ka. Allah ba zai bar mu ba."

Da safe Filibus ya tsaya a ƙofar ofishin Alhaji har ya iso. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni nake ɗaga kayan nan da motata. Duk ranar Juma'a ne, wajen ƙarfe biyu, lokacin da Musulmi sun tafi masallaci, gidan ya yi shiru. Auwalu ke kawo min takarda, wata ƙaramar mota ta shigo ta ƙofar baya na loda mata. Da farko sunan Malam Inuwa ne a takardar, alhali na ga fitarsa masallaci da idona. Daga baya ya koma sunan Oga Ɗahiru, shi ma ba ya nan. Na so na faɗa tun farko, aka ce na kama bakina. Na ji tsoro. Ku hukunta ni in kun ga dama, amma ku duba kyamarar saman tanki."

Alhaji ya sa aka buɗe abin da kyamarar ta ɗauka. Ga Auwalu nan ƙarara, Juma'a uku a jere, yana buɗe ƙofar baya, yana miƙa wa mai gadin wurin wani abu a hannu, mota na shiga fayau tana fita da kaya. Aka koma kan kwamfuta aka duba dila goma sha bakwai na farko. Duk ranar Juma'a, duk tsakanin ƙarfe ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Rana da lokaci suna nan a rubuce tun farko, a layi ɗaya da sunan Malam Inuwa. Ɗahiru sunan kawai ya karanta.

Auwalu bai wahalar da kowa ba. Ya amsa cewa shi ne tun kafin a kawo kwamfuta. Shi da mai gadin da direban motar duk aka gurfanar da su.

Kwana huɗu Ɗahiru ya yi kafin a sake shi. Alhaji ya ce masa, "Ba ka yi sata ba, na yarda. Amma ka ba da lambar da aka ba ka amana, kuma ka sa ni na zalunci mutumin da ya yi min bauta shekara ashirin da biyu. Ni ma da laifina, da na biye maka. Ba zan iya ci gaba da ganinka a gidan nan ba." Ya miƙa masa takardar sallama, da wata takardar ta wanke Malam Inuwa. Ya ce, "Wannan kai za ka kai da hannunka. Haƙƙoƙinsa ni zan kai da kaina."

Ɗahiru ya je Panshekara da yamma. Matar Malam Inuwa, Ladidi, ta amsa sallamarsa. Da ya faɗi sunansa sai ta tsaya cak, sannan ta ɗaga labule ta ce ya shigo.

Dattijon na kwance a kan katifa a ƙasa. Ya rame har Ɗahiru bai gane shi da farko ba. Bilkisu na gefe tana goge masa baki da tsumma. Ɗahiru ya durƙusa, ya karanta takardar. Ya ce, "Baba, ku yafe min. Na zalunce ku. Don Allah ku yafe min."

Malam Inuwa ya zuba masa ido. Leɓensa ya motsa, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba ne. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa zuwa kunne. Ɗahiru ya matsa kusa ya kasa kunne, ya sake roƙo, ya sake kasa kunne. Bai gane komai ba.

Ya juya ga Ladidi ya ce, "Mama, me ya ce? Ya yafe?"

Ta ce, "Wata biyar ke nan ba wanda ya ji kalma ɗaya daga bakinsa. Ba zan yi maka ƙarya na ce ya yafe ba, ba kuma zan ce bai yafe ba. Amma ina da tambaya. Na ji an ce a gaban mutum ɗari biyu ka kira shi ɓarawo. Yanzu kuma a gaban mu biyu za ka wanke shi?"

Ɗahiru ya sunkuyar da kai. Ya miƙe ya fita.

Ana idar da sallar magariba a masallacin layin ya tashi tsaye ya roƙi jama'a su dakata. Ya faɗi sunansa, ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba. Ya karanta takardar. Washegari da safe ya je ƙofar kamfani, wurin da ba shi da izinin shiga, ya tsaya a bakin get lokacin canjin aiki ya sake karantawa da ƙarfi har muryarsa ta dishe. Wasu suka tsaya suka ji, wasu suka wuce.

Kwana tara bayan haka Malam Inuwa ya rasu. Jama'a sun cika layin har bakin titi, har da waɗanda suka daina gaishe shi. Filibus da abokan aikinsa suka tsaya a gefe har aka idar da sallah, sannan suka bi gawar zuwa maƙabarta. Ɗahiru na cikin waɗanda suka ɗauki makara. Da aka gama rufewa kowa ya watse, shi ya rage a tsugune a wurin, yana ta maimaita roƙon da babu mai amsa masa.

Darasi: Na'ura tana taimakawa wajen tsare dukiya, amma ba ta ɗauke maka nauyin bincike da sauraron mutane. Kada iliminka ya sa ka raina na ƙasa da kai ko wanda ya girme ka, kada ka tozarta mutum a bainar jama'a kafin ka tabbatar, kuma in ka san gaskiya ka faɗe ta tun tana da amfani. Akwai zaluncin da za ka so ka gyara, ka tarar lokaci ya ƙure. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, musamman waɗanda aka damƙa wa amanar mutane da dukiya.